Layin Bas na Waƙoƙin Babana

Babana bai taɓa ba 'yan kwaya takarda ba. Ya fi shekara ashirin yana shugaban mawaƙa a cocinmu a Kafanchan, amma ko falle ɗaya na waƙoƙinsa bai shiga hannun kowa ba. Da alli yake rubutawa a allo, in an iya ya sa tsumma ya goge. Cewa yake yi mai riƙe da takarda idonsa ne ke waƙa, ba bakinsa ba. Kuma ba ya haɗa muryoyi sai ranar Asabar. 'Yan tirebul masu siririyar murya a cikin coci, 'yan alto a baranda, 'yan tena a ajin yara, 'yan bas masu kaurin murya kuwa can gindin mangwaro kusa da katanga, shi da kansa yake zama da su don muryarsa ke nan. Saboda haka kowa layinsa kawai ya sani.

Makaniki ne a wurin gyaran injinan jirgin ƙasa, ya yi ritaya a 1987, daga nan waƙa ta cinye shi gaba ɗaya. Bai yi makarantar kiɗa ba. Abin da ya iya shi ne sol-fa, rubutun nan na do re mi da ake yi da haruffa, d r m f s l t, a jera su layi huɗu, kowace murya da nata. Harafin da aka yi wa 'yar alama a ƙasa, a sauka da murya ke nan, wanda aka yi wa a sama kuma a hau. Waƙoƙinsa arba'in da bakwai suna cikin littattafan eksasaiz guda shida, a wata tsohuwar jakar fata da ba ya yarda ko Mama ta ɗaga ta in tana shara.

Ni ce 'yarsa ta uku, kuma ni ce mai bakin gidan, wannan kowa ya shaida. Na koyi tafireta, na samu aikin sakatariya a ofishin gundumar coci. A 1995 aka kawo mana kwamfuta, ai kuwa kaina ya kumbura, don a layinmu duka ba wanda ya taɓa taɓa irinta sai ni. Wani Bature malami da ya zo ya yi 'yan watanni yana taimakon ofis shi ya sa mata wani font na musamman. Font shi ne zubin haruffan da na'ura ke rubutu da su. Nasa yana da haruffanmu masu lanƙwasa, yana kuma da haruffan sol-fa masu alamar sama da ta ƙasa, kowanne da maɓallinsa. Da na ga haka na je gida na tasa Baba a gaba, na ce littattafansa gara za ta ci, ruwa zai jiƙa, ya bari in zuba su a na'ura a buga littafi na gaske. Wata biyu ina masa naci kafin ya yarda.

Ranar Juma'a in an tashi aiki yake zuwa, ya zauna a bencin baƙi da jakarsa a cinya, yana kiran na'urar talabijin mai gardama. Ba ya miƙo mini littafin. Shi yake karantawa, ni ina bugawa, in na yi kuskure ya ce kunnena na katako ne, in ce rubutunsa ne kamar tonon kaji, mu yi ta yi har masinja ya zo kulle ƙofa. In mun gama waƙa sai in fitar masa da ita a takarda, ya tafi da ita gida, ya bi ta da jan biro, ya dawo mu gyara, sannan ya ninke takardar ya cusa cikin littafin da waƙar take. Mun kusa shekara a haka. Ban san lokacin ne mafi daɗi da zan yi da shi ba, na ɗauka aiki kawai muke yi.

Da daminar 1996 hawan jini ya kayar da shi a bayan gida, kwana huɗu a asibiti ya tafi. Ranar da za a sa shi a akwati, dattawan kwaya suka ce a sa masa rigarsa ta waƙa da 'yar sandar da yake kaɗawa, haka ake yi wa shugaban mawaƙa. Mama ta shiga ɗaki ta fito rungume da jakar. Ta ce bai taɓa kwana nesa da ita ba, ba ta so ya fara yanzu. Amma kafin ta miƙa sai ta juyo ta dube ni a gaban mutane.

"Kin kwashe duka?"

"Duka, Mama. Ko ɗigo ban bari ba."

Da ƙarfi na faɗa, har da ɗan alfahari a cikin kukan, Allah ya sani. Aka sa jakar a gefen hannunsa na dama, da littattafai shida da duk takardun da ya gyara da jan biro, aka rufe.

Bayan wata biyu tsawa ta faɗa kusa da ofis ta ƙone cikin kwamfutar. Aka kai ta Kaduna, ta dawo tana aiki amma babu komai a cikinta. Ko a jikina. Ina da disket ɗina, wannan ɗan baƙin faifai mai kusurwa huɗu da ake ajiye aiki a ciki, na naɗe shi a hankici a ƙasan akwatin kayana. A tunanina font ɗin yana ciki tare da waƙoƙin, kamar yadda tawada take tare da takarda. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa a cikin na'ura yake zaune, ni kuma ban tambaya ba, don mai ganin ta sani ba ta tambaya.

Iyali suka shirya za a yi sujadar tunawa in ya cika shekara, a raba littafin a ranar, kwaya ta rera wasu daga ciki. Sabon shugaban mawaƙa, wani matashin malamin firamare, shi ya fi kowa matsuwa, don ya ce ba shi da komai a hannu. Saura wata uku na shiga mota zuwa wata maɗaba'a a Jos da disket a jaka.

Mai maɗaba'ar dattijo ne mai tabarau, ba ya gaggawa. Ya sa disket ɗin ya ce na'urarsa ba ta karanta irin wannan fayil, sai an juya shi zuwa irin nasu, ya nuna mini wani shago a tsallaken titi inda ake juyawa. Matar shagon ta duba ta ce disket ɗin ya cika, ba wurin da sabon zai zauna kusa da tsohon. Ko in je kasuwa in sayo wani, don nata sun ƙare, ko ta rubuta sabon a kan tsohon. Ta buɗe mini shafin farko, gabatarwa ce, kalmomi zalla, komai lafiya in ban da 'yan haruffa masu lanƙwasa da ta ce a maɗaba'a ake gyara su da hannu. Hadari ya haɗu, ina tunanin motar komawa, ga ta kuma tana mini bayani a hankali kamar wadda ta zo daga ƙauye jiya. Raina ya ɓaci. Na ce ta rubuta a kai, ni ma wannan aikin nake yi, ba sai an koya mini ba. Ta ɗaga kafaɗa ta danna.

Da muka buɗe a maɗaba'a, waƙa ta farko ta fito. Layin tirebul yana nan kusan cikakke, na tena ma da sauƙi. Na alto rabi ya tafi. Na bas kuwa, inda kusan kowane harafi yake da alamar ƙasa, ba abin da ya rage sai jerin 'yan gurabe fanko, ɗaya bayan ɗaya, nan da can wani harafi ɗaya tilo a tsaye. Ba alamar kaɗai ta ɓace ba, harafin ma ya tafi da ita, don a font ɗin Baturen harafi da alamarsa abu ɗaya ne. Shafi bayan shafi haka.

Dattijon ya ce in kwantar da hankalina, ya ga irin wannan, sau da yawa rigar ce kawai ta ɓace, mutumin yana nan. Ya fara sauya font ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ke cikin na'urarsa ya gwada, sun fi talatin, guraben ba su motsa ba. Ya aika aka karɓo masa wasu daga wata maɗaba'a da ke buga littattafan coci, su ma haka. Na fasa komawa gida, na kwana wajen wata 'yar ajinmu, da safe muka ci gaba. Ya tambaye ni ina Baturen, na ce ya koma ƙasarsu tuni, amma ofis na da adireshinsa, zan rubuta masa. Sai ya ce in dakata tukuna. Ya zaɓi gurbi ɗaya ya sa na'ura ta nemo masa duk masu kama da shi, ta nemo su duka, ba ta bar ko ɗaya ba. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce da guraben sun bambanta a ciki, da font ɗin zai dawo da su. Amma wurin juyawa, duk harafin da na'urar ba ta gane ba ta zubar da shi ta sa abu iri ɗaya a madadinsa. Ko Baturen ya zo da kansa ba abin da zai tarar.

"Madam, ina littattafan da kika kwafa daga ciki?"

Na zauna a kan buhun takarda na yi kuka a gaban ma'aikatansa, ni da nake taƙama ba a ganin hawayena.

Mutumin kirki ne, shi ma yana karanta sol-fa. Ya ce in ana da tirebul ana iya ƙirƙiro bas bisa ƙa'ida, zai iya nemo mini wanda zai yi. Na ce a'a. Bas ɗin Baba ba ya bin ƙa'idar littafi. Tafiya yake yi irin ta waƙoƙin noma na garinmu, ya bar tirebul ta wuce sannan ya amsa mata daga ƙasa, wani lokaci ya tsaya cak inda kowa ke jiran ya sauka. Abin da ya sa waƙoƙinsa suka zama nasa ke nan. Ya fitar mini da shafukan yadda suke, da gurabensu, na ɗauko na dawo Kafanchan.

Ban gaya wa Mama ba. Ita kanta 'yar alto ce, da na tambaye ta da ta cike mini rabin aikin a zaune, amma ta yaya zan dube ta? Na bi sauran matan alto gida gida ina ce musu tabbatarwa kawai nake yi. Baba da sunayen sol-fa yake fara koyarwa kafin kalmomi, don haka suna bakinsu har yanzu. Wata tana tankaɗe, wata tana yanka kuɓewa, suna rerawa ina cike gurbi da fensir, in biyu suka saɓa ta uku ta raba gardama. Cikin mako uku alto ya dawo.

Bas ne matsalar. 'Yan bas na da kusan duk ma'aikatan reluwe ne, kuma da aikin jirgi ya ja baya suka watse, wasu an sauya musu wuri, wasu sun koma Gabas, wasu sun riga Baba tafiya. Samarin da suka rage bakin Baba kawai suke bi, ranar da ya yi shiru su ma suka yi shiru. Mutum ɗaya ya rage, wani tsohon direban jirgi, Ibo, wanda ya ƙi komawa gida ya buɗe rumfar kayan keke a kasuwa. Shekara goma sha tara ya zauna kusa da Baba a gindin mangwaro. Shi na gaya wa gaskiya duka. Ya saurara, bai zage ni ba, ya share mini benci ya ce mu fara.

Kullum da azahar nake zuwa. Ya rufe ido, ya dafa gwiwa, muryar ta fito daga ƙirjinsa har spok ɗin keken da ke rataye suna rawa. In mai ciniki ya zo sai ya ɗaga masa hannu ya jira. Waƙoƙin farko suna zubowa kamar ruwa, har na fara barci da daddare. Daga baya ya fara jinkiri, ya ce in rera masa tirebul tukuna, sannan ya bi. Ban kawo komai a raina ba. Sai wata rana ruwa ya jiƙa mini shafin wata waƙar girbi, fensir ya dushe, na ce ya sake mini. Ya sake. Da na koma gida shafin ya bushe, rubutun farko ya ɗan fito, na haɗa su. Ba su yi kama ba ko kaɗan. Bayan kwana biyu na sake tambayarsa ita, kamar na manta, ya ba ni ta uku dabam.

Abin da na yi ina jin kunyarsa har yau. Na tsaya a tsakiyar kasuwa na ɗaga murya a kan sa'an ubana, na ce ya mayar da ni mahaukaciya, ina zuwa cikin rana yana ɗura mini ƙarya. Masu rumfunan kusa suka leƙo. Sai da na gaji ya ce:

"'Yata, wasu na tuna, wasu ya gudu. Ban so ka tafi hannu banza."

Na tambaye shi waɗanne ne na gaske. Ya daɗe yana kallon shafukan, shi da bai iya karanta su ba in ba a allo ba. Ya ce na farko-farko ya tabbata. Na tsakiya yana jin haka suke. Sauran, in ya rera, a kunnensa daidai ne, amma ba zai rantse ba. Ya ce tun da abokinsa ya mutu bai sake buɗe baki ya yi waƙa ba sai da na zo. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce in tashi mutane na kallo.

Saura mako biyar. An riga an sanar a coci, 'yan'uwa daga Zonkwa da Kaduna sun sa rana. Na zauna da shafukan ina tunanin in bar guraben fanko in faɗi gaskiya, amma ban yi ba. Na ɗauki abin da tsohon ya ba ni, inda ya ba ni iri uku na zaɓi wanda ya fi mini daɗi, na koma Jos. Dattijon ya buga haruffan da font na kowa da kowa, ni kuma na zauna kwana biyu da alƙalami mai siririn baki ina ɗiga alamar sama da ta ƙasa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kafin a ɗauki hoton shafukan. Littafin ya fito da kyau, da shuɗin bango da hoton Baba. Ban rubuta a ko'ina cewa akwai layin da ba nasa ba.

Ranar sujadar coci ya cika. Sabon shugaban ya tara samari takwas a bas, kowa da littafi a hannu, suka rera waƙa shida. Mutane suka yi kuka, suka yi ta sa mini albarka, wata dattijuwa ta ce Baba ya haifi 'ya. Tsohon direban bai zo ba. Mama tana benci na gaba da farin ɗankwali, ba ta ɗago kai ba har aka tashi. Waƙar girbin ce ta ƙarshe.

Da yamma baƙi sun ragu, ina wanke tukwane a tsakar gida, ta zo ta zauna a kan turmi. Ta ce littafin ya yi kyau. Ta ce yaran sun yi ƙoƙari. Sannan ta ce a waƙar girbin, wurin da ake cewa an tara dawa a rumbu, ba haka bas ɗin Baba yake sauka ba.

Na ajiye soson na gaya mata komai, tun daga shagon tsallaken titi har rumfar kayan keke. Na jira ta tuna mini abin da na faɗa a gaban akwatinsa. Ba ta tuna mini ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce wannan waƙar da ita Baba yake aske gemu kowace Lahadi, a nan bakin rijiya, shekara da shekaru tana jinta tana hura wuta. Na ruga ɗaki da hannuna jiƙe na ɗauko fensir da littafin, na tsuguna a gabanta.

"Mama, rera mini yadda yake yi. A hankali."

Ta gyara zama, ta rufe ido, ta fara. Layi ɗaya ta yi ta tsaya, don alto ne ya fito. Ta yi gyaran murya ta sauka ƙasa yadda za ta iya, ta sake, kafin ta kai tsakiya muryar ta koma alto. Sau huɗu tana gwadawa. A na biyar ba ta buɗe baki ba, ta dafe kunnenta da tafin hannu kawai.

"Ina jinsa," ta ce. "Ga shi nan ina jinsa. Ya ƙi fitowa."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta da fensir a hannu, muna jira, har ruwan wanke-wanken ya huce.